Muhawara: Harlin da ƙwallon Gelik a Ayalan, wasan da ke cika fili amma ba a biyan ɗan wasa

Nura Ƙofar Mata:
Assalamu alaikum jama'a. Masu sanin ƙasar Ayalan, don Allah a warware mini abu biyu. Na farko, wasan nan da ake yi da sanda da ƙaramar ƙwallo, hoki ne ko wani abu dabam? Na biyu, da gaske ne filin Croke Park na birnin Dablin yana cika maƙil a wasan ƙarshe amma 'yan wasan ba su da albashi? Idan haka ne, ina kuɗin tikiti ke tafiya?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba hoki ba ne, sunansa harlin. A hoki ƙwallo a ƙasa take yawo, a harlin kuwa yawancin lokaci a sama take, ana cafe ta da hannu, ana ɗora ta a kan sanda a yi gudu da ita. Kowane ɓangare mutum 15 ne: mai tsaron gida, 'yan baya shida, 'yan tsakiya biyu, 'yan gaba shida. Filin ya fi na ƙwallon ƙafa girma sosai, tsawonsa mita 130 zuwa 145, faɗinsa mita 80 zuwa 90. Turakun raga suna miƙewa sama su wuce ƙarfen da ya gitta. Ƙwallo ta shiga raga, maki uku, a ɗaga koriyar tuta. Ta bi ta saman ƙarfe tsakanin turakun, maki ɗaya, a ɗaga farar tuta.

Shi ya sa rubutun sakamako ke rikita baƙo. Wasan ƙarshe na 2025, Tipperary 3-27, Cork 1-18. Lambar farko ƙwallayen raga ce, ta biyu makin sama. Wato Tipperary maki tara na raga a haɗa da ashirin da bakwai, 36 ke nan, Cork kuma 21. Wasan manya na gundumomi minti 70 ne, na kulob minti 60.

Batun albashi kuma gaskiya ne. Croke Park na ɗaukar mutum 82,300, kuma wanda ya ɗaga kofi ranar Lahadi malamin makaranta ne ko ɗan sanda ko manomi ko ɗalibi. Kuɗin yana komawa ga GAA, hukumar da ke kula da wasannin gargajiyar ƙasar, ita kuma ta raba wa gundumomi da kulob-kulob don filaye, horar da yara, inshorar rauni da shirya ƙungiyoyi.

Hajiya Rabi:
Malam Habu ya yi bayani. In ƙara da dokokin hannu, domin nan ne sabon ɗan kallo ke ganin kamar babu doka a wasan. Ba ka ɗaukar ƙwallo daga ƙasa da hannu, sai ka ɗago ta da sanda. In tana hannunka, taku huɗu kawai gare ka. Kana son ka ci gaba da gudu, sai ka ɗora ta a tafin sanda. Sau biyu kacal za ka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa ko ta bar wurinka, na uku laifi ne. Ba a jefa ta, sai dai ka sake ta ka mare ta da tafin hannu, kuma dole alƙali ya ga marin a fili. A kan wannan marin magoya baya suka fi faɗa a yanzu, saboda 'yan wasa sun yi saurin da ido ba ya rarrabe mari da jifa, alƙalai kuma suna barin da yawa su wuce don kada wasa ya yi ta tsayawa.

Ture abokin hamayya halal ne in kafaɗa da kafaɗa ne, daga gefe, ƙafarka ɗaya aƙalla a ƙasa. Ta baya ko ta ƙirji laifi ne.

Nura Ƙofar Mata:
Na gode Hajiya. To amma sanda tana yawo a saman kawunan mutane haka, ba a illata juna?

Ɗanladi Mai Horo:
Ana jin ciwo, musamman yatsu. Amma akwai abin da masu koyar da yara ke nanatawa: wanda ya matso kusa ya fi tsira. Haɗarin yana ga wanda ya tsaya nesa kaɗan, daidai inda tafin sanda ke ƙarewa da ƙarfinsa. In za ka tare bugu daga gaba, ka shiga jikinsa, ka miƙa sandarka da hannu biyu a kan ƙwallon lokacin da ya jefa ta sama, kanka a bayan sanda, idonka a buɗe. In daga baya kake, ka miƙa sanda da hannu ɗaya ka saƙala ta a hanyar da tasa za ta bi, bugun ya lalace. Yaro mai tsoro yana rufe ido ya juya baya, shi ne ke shan duka.

Hular kwano mai ragar fuska ta zama dole ga kowa tun 1 ga Janairu 2010. Kuskuren da ake yi shi ne cire ƙarfe ɗaya daga ragar don a ƙara gani. Ƙwallon, wadda suke kira shilita, nauyinta bai wuce gram 110 zuwa 120 ba, toshiyar kwalba ce a ciki an lulluɓe da fata, kuma ƙanƙantarta ta isa ta shige ta gurbin da aka buɗe ta sami ido. Hular da aka taɓa ta fita daga ƙa'ida.

Ga iyayen da yaransu ke makaranta a can kuma suke son shiga, ga abin lura. Tsawon sanda: yaro ya miƙe, hannu a sake, sanda a ƙasa gefensa, kan sandar ya kai ƙashin wuyan hannu. Kada a sayi doguwa wai zai girma da ita, domin doguwar sanda tana sa shi ya riƙa lilo mai faɗi, a saƙale shi cikin sauƙi. Riƙo: hannun da yake rubutu da shi a can saman mariƙi, ɗaya hannun a ƙasansa, kuma da wannan hannun mara ƙarfi ake cafe ƙwallo. Yara da yawa suna farawa a juye, in ba a gyara da wuri ba sai bugun gefe ɗaya ya gagare su har girma. Sauran aikin bango ne: ya tsaya gaban bango yana bugawa dama da hagu yana cafewa, minti goma sha biyar kullum ya fi awa biyu sau ɗaya a mako.

Alhaji Sule:
Kun cika zancen harlin kamar shi kaɗai ne wasan ƙasar. A gaskiya ƙwallon Gelik ta fi yaɗuwa. Harlin mai ƙarfi yana kudu ne: Kilkenny, Tipperary, Cork, Limerick, Clare, Waterford, Wexford, sai Galway a yamma da wani lungu na Antrim a arewa. Dubi kofin ƙasa na harlin zuwa 2025: Kilkenny 36, Cork 30, Tipperary 29. Gundumomi uku sun cinye mafi yawan tarihi. Ƙwallon Gelik kuwa daga Kerry har Donegal ana yin ta da gaske, kuma ba ta buƙatar sanda ko hula, ƙwallo da robar kare haƙori sun isa.

Fili ɗaya ne, turaku ɗaya, mutum 15. Ƙwallon zagayayya ce kamar ta ƙafa amma ta ɗan fi nauyi. Taku huɗu, sai ka buga ta a ƙasa ko ka sake ta a kan ƙafa ta dawo hannunka. Ba a buga ta a ƙasa sau biyu a jere. Namiji ba ya ɗaukarta kai tsaye daga ƙasa sai ya sa ƙafa a ƙarƙashinta, mata kuwa dokarsu ta yarda.

Hajiya Rabi:
Alhaji, yaɗuwa dabam, daɗin kallo dabam. Ai su kansu magoya bayan ƙwallon Gelik sun shekara fiye da goma suna kukan wasan ya mutu. Tun wasan kusa da na ƙarshe na 2011 da Dablin ta ci Donegal 0-8 da 0-6, inda Donegal ta jibge kusan kowa a baya, ƙungiyoyi suka koyi tsarin. Sai ka ga ana ta miƙa ƙwallo da hannu gefe zuwa gefe, a mayar wa mai tsaron gida, minti biyu babu wanda ya gwada bugu.

Alhaji Sule:
Wannan gaskiya ne Hajiya, ban musa ba. Amma an yi maganinsa. Kwamitin da Jim Gavin ya jagoranta, tsohon kocin da ya ci wa Dablin kofi biyar a jere, ya kawo sababbin dokoki da suka fara aiki a 2025. An zana layi mai siffar baka, nisan mita 40 daga raga, wanda ya buga ta saman ƙarfe daga wajenta ya sami maki biyu, a ɗaga tuta ruwan lemo. Dole kowace ƙungiya ta bar mutum uku a rabin filin abokan hamayya, don haka ba za a iya jibge kowa a baya ba. Bugun mai tsaron gida dole ya wuce bakar. An taƙaita mayar masa da ƙwallo. Wanda aka yi wa keta yana iya ɗora ƙwallo a ƙafa ya wuce nan take ba tare da jiran a shirya bugun tazara ba. Wanda ya yi wa alƙali gardama ko ya ƙi miƙa ƙwallo, a matso da bugun mita 50 gaba.

Dalilin da ya sa ya yi aiki: a da mai tsaro ba ya asarar komai in ya koma baya ya cunkushe gaban raga. Yanzu in ya koma, ya bar mai bugu daga nesa a sake, kuma bugun maki biyu ne. Dole ya fito, in ya fito kuma gurbi ya buɗe a bayansa. Kerry ta ci Donegal 1-26 da 0-19 a wasan ƙarshe na 2025, kofin ƙasa na 39 gare ta, ɗan wasanta David Clifford yana ta zuba masu maki biyu.

Inda matsala take shi ne wasannin kulob na ƙauye. A Croke Park akwai mataimaka a kowane layi. A ƙaramin fili alƙali ɗaya ne zai bi ƙwallo, ya kuma ƙirga ko mutum uku suna can gaba. Sannan iska: ƙungiyar da iska ke bayanta tana iya tara maki goma a rabin lokaci daga nesa kawai.

Binta Zariya:
Ni tambayar Nura ta biyu ce ba a gama amsawa ba. A ce ba a biya, na ji. Amma adalci ne? Binciken da ESRI, cibiyar nazarin tattalin arziki da zamantakewa ta Ayalan, ta fitar a 2018 ya nuna ɗan wasan gunduma yana iya kashe har awa 31 a mako kan wasan, in aka haɗa atisaye, ɗaga ƙarfe, tafiya da jinya. Wannan kusan aiki na biyu ne. Abin da yake samu kuɗin mai ne gwargwadon nisan tafiya, abinci, kayan wasa, da ɗan tallafin gwamnati da ƙungiyarsu ta GPA ta yi fafutukar samu. Likitan ƙungiya ana biyansa, mai tausa ana biyansa, mai nazarin bidiyo ana biyansa, mai sayar da abinci a bakin fili ma yana cin riba. Wanda mutane suka zo kallo shi kaɗai ne zai tashi da asuba ranar Litinin ya tafi aiki da kumburarren gwiwa.

Malam Habu:
Malama Binta, hujjarki mai ƙarfi ce, kuma a Ayalan ma ana yin ta. Amma a duba abin da zai rushe in aka fara biya. Ginin GAA gaba ɗaya a kan abu guda yake: kana buga wa inda aka haife ka. Yaro yana shiga kulob ɗin ƙauyensu ko unguwarsu, galibi bisa iyakar yankin cocinsu. In ya yi fice, gundumarsa ta ɗauke shi. Babu saye, babu sayarwa. Sauya kulob sai da dalili kamar ƙaura, kuma sai hukumar gunduma ta amince. Henry Shefflin ya ci kofin ƙasa sau goma da Kilkenny, kuma duk tsawon wasansa kulob ɗinsa guda ne, Ballyhale Shamrocks, na ƙaramin ƙauye.

Ranar da aka fara albashi, dokar aiki ta shigo. Ma'aikaci yana da 'yancin ya koma inda aka fi biya. Gundumar Dablin tana da mutum kusan miliyan ɗaya da rabi, Leitrim kuwa dubu 35 da ɗoriya. Wa zai biya ɗan wasan Leitrim? Cikin 'yan shekaru ƙungiyoyi shida ko takwas za su rage. Kuma matar da ke wanke rigunan yara kyauta, da dattijon da ke yanke ciyawa yana zana layi, da masu yawo gida-gida suna sayar da tikitin tara kuɗin kulob, me zai sa su ci gaba alhali wani yana karɓar albashi daga guminsu? Kulob-kulob na tsibirin da aikin sa kai suke tafiya.

Binta Zariya:
To ai rashin daidaiton ya riga ya faru ba tare da albashi ba, Malam. Dablin ta ci kofin ƙasa na ƙwallon Gelik shida a jere daga 2015 zuwa 2020, ta riƙe kofin lardin Leinster shekara 14 a jere har 2024, mutane suka daina zuwa kallo. Limerick ta ci harlin huɗu a jere daga 2020 zuwa 2023 da goyon bayan attajiri JP McManus. Kuma kowa ya san zancen biyan masu horarwa ta bayan fage, har shugaban GAA Jarlath Burns ya kafa kwamitin duba matsayin rashin biya. Kuɗi yana ciki, ɗan wasa ne kawai ba ya gani.

Malam Habu:
Na yarda kuɗi yana ciki. Maganin da nake gani shi ne a rage nauyin, ba a saye shi ba: a sa iyaka ga abin da gunduma za ta kashe wajen shirya ƙungiya, a hana atisayen haɗin gwiwa a watannin hutu kuma a hukunta wanda ya karya. An fara da raba kakar wasa gida biyu. Tun 2022 ake gama wasannin gundumomi a Yuli, sauran shekara ta kulob ce. A da wasan ƙarshe a Satumba yake, ɗan wasan kulob bai san ranar da zai buga ba, ba ya iya sa ranar biki ko tafiya. Masu kuka suna cewa an bar Agusta da Satumba ga gasar Firimiya ta Ingila, kuma wasanni sun cunkushe har rauni ya yi yawa. Duka biyun gaskiya ne. A kan Dablin kuma, a 2025 Meath ta fitar da ita daga gasar Leinster, Louth ta ci Leinster karon farko tun 1957.

Nura Ƙofar Mata:
Allah ya ƙara sani. Ashe suna kallon Firimiya ma? Na ɗauka sun ƙi wasan Ingila.

Malama Zainab:
Suna kallo sosai, Liverpool da Manchester United da Celtic suna da ɗimbin magoya baya. Amma zaton naka yana da tushe. An kafa GAA ranar 1 ga Nuwamba 1884 a garin Thurles, ƙarƙashin mulkin Birtaniya, don a raya wasannin gargajiya. Ranar 21 ga Nuwamba 1920 dakarun Birtaniya suka buɗe wuta a Croke Park ana wasan Dablin da Tipperary, mutum 14 suka mutu, har da ɗan wasa Michael Hogan, wanda aka sa wa ɗaya daga rumfunan filin sunansa. Har zuwa 1971 akwai dokar da ta hana ɗan GAA buga ƙwallon ƙafa ko rugbi, ko zuwa kallonsu. Sai 2005 aka sassauta dokar hana waɗannan wasanni a Croke Park, kuma a 2007 Ingila ta zo ta buga rugbi a nan aka rera takenta lafiya.

Yau yaro ɗaya yana buga duka. Chiedozie Ogbene, haifaffen Legas da ya tashi a Cork, ya buga ƙwallon Gelik a kulob ɗin Nemo Rangers kafin ya zaɓi ƙwallon ƙafa, ya zama haifaffen Afirka na farko da ya buga wa Jamhuriyar Ayalan. Kuma zaɓin nasa ya shafi maganar Binta kai tsaye: mai hazaƙa da ke son rayuwa da wasa dole ya bar GAA. Wasu Ostareliya ke ɗauke su don wasanta na ƙwallo, mata ma da yawa yanzu.

Ɗanladi Mai Horo:
Akwai barazanar da ba ta shafi albashi ba, ita ce itacen sandar kanta. Da bishiyar ash ake yi, kuma ba ko'ina a jikinta ba, sai gindi, wajen da jijiyar itace ta lanƙwasa zuwa saiwa. Wannan lanƙwasar ce ake bi a fitar da tafin sanda, shi ya sa ba ya tsagewa da wuri. Bishiya tana bukatar shekara 25 zuwa 30. A 2012 aka tabbatar da cutar naman gwari mai busar da ash a Ayalan, a gundumar Leitrim, kuma ta game tsibirin. Dama yawancin katakon daga wasu ƙasashen Turai ake shigo da shi, can ma cutar ta ci. Masu sassaƙa na gida da suka gaji sana'ar suna rufewa, wasu sun koma haɗa sanda da gora ko roba. 'Yan wasa sun rabu: ta gora ta fi daɗewa kuma kowace ɗaya daidai take da 'yar'uwarta, amma wasu suna cewa ba sa jin ƙwallo a hannu kamar da ash.

Wanda ke da ta ash: kada a aje ta kusa da na'urar ɗumama ɗaki ko a bayan mota. Zafi yana tsotse danshinta, ta yi gautsi, karon farko ta karye. Wuri mai sanyi kamar gareji ya fi. Sabuwa a fara da bugu a hankali na 'yan kwanaki. Zoben ƙarfe da ake sa wa tafi yana hana tsagewa, amma a duba shi kafin kowane wasa, in bakinsa ya tashi yana yanka hannun mutane.

Alhaji Sule:
Ƙauyukan ma suna bushewa kamar bishiyar. A kudancin Kerry da yammacin Mayo kulob biyu ko uku suna haɗuwa kafin su tara yara 15, saboda matasa sun tafi Dablin, Landan ko Sidni neman aiki da gidan da za su iya biya. A gefen Dablin kuma akasin haka, kulob ɗaya yara sun yi masa yawa, filin atisaye ya gagara. Waɗanda suka tafi ba su bar wasan ba: Landan da New York suna buga gasar lardin Connacht a hukumance.

Hajiya Rabi:
Kada a manta mata. Harlin nasu ana kiransa kamogi, ƙungiyarsu ta samo asali tun 1904, kuma UNESCO ta sa shi tare da harlin cikin jerin al'adun gado a 2018. Hukumominsu dabam suke da GAA har yanzu ana aikin haɗewa, shi ya sa sau da yawa mata ke roƙon fili daga hukumar maza. A Mayun 2025 sai da 'yan wasa suka yi bore, aka ɗage wasan ƙarshe na lardin Munster tsakanin Cork da Waterford, kafin a yarda su zaɓi gajeren wando maimakon siket ɗin da doka ta tilasta.

Nura Ƙofar Mata:
Tambaya ta ƙarshe. Mutum yana Ayalan yana son ganin wasan ƙarshe, a ina zai sayi tikiti?

Malama Zainab:
Ba a sayar da shi a kasuwa, Nura. Ana raba shi ta hukumomin gundumomi zuwa kulob-kulob, gundumomi biyun da ke wasa su sami kaso mafi girma, kulob kuma ya fifita membobinsa da masu yi masa aiki, wani lokaci da ƙuri'a. A 2024 kujera Yuro 100 ce, tsayuwa a Hill 16, ɓangaren filin da ake kallo a tsaye, Yuro 55. Wanda ba ɗan kulob ba da wuya ya samu, kuma sayen na bayan fage haɗari ne domin ana iya soke shi.

Abin da ya fi sauƙi shi ne wasannin lardin Munster na harlin tsakanin Afrilu da Yuni, a Thurles ko Limerick ko Cork, a saya ta intanet da wuri domin suna ƙarewa. Ba a raba magoya baya, za ka zauna kusa da mai rigar abokan hamayya da 'ya'yansa. Ka zaɓi kujera a sama ta gefe, ba bayan raga ba, domin daga ƙasa ido ba ya bin shilita. Ka tafi da rigar ruwa. In kuɗi ne matsala, wasan ƙarshe na kulob a gunduma, wajen Oktoba, ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma yawancin 'yan wasan da aka gani a talabijin a Yuli suna cikinsa.